Sanarwar motar Madina da jerin matatan Apache

Auwalu, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani aiki ya tsaya mini a wuya kwana uku ke nan, ina neman wanda zai kama mini.

A ofishinmu muna shirya wa masu Umra masauki da motoci. Muna da wata tsohuwar manhaja a kan kwamfuta mai Windows a ɗakin baya, ita ke fitar da shafukan da wakilai da baƙi ke dubawa: sunan otal, lambar ɗaki, ranar tafiya Madina. Kamfanin da ya rubuta ta ya daɗe da rufewa, ba mu da kod ɗinta, ba mai iya taɓa cikinta. Na sa Apache 2.4, wato manhajar sabar yanar gizo, a gabanta kan Ubuntu, yana karɓar buƙata daga waje ya miƙa mata da ProxyPass, ya dawo da amsa.

Yanzu mudir, wato shugaban ofishinmu, yana so kowane shafi ya fito da sanarwa a samansa: kwanan watan Hijira da lokacin tashin motoci, kuma da Hausa. Yawancin baƙinmu daga Kano da Sakkwato da Maraɗi suke, shafin kuwa duk Larabci ne. Kullum sai ka ga dattijo ya zo da waya a hannu yana tambaya ko yau ne tafiyar.

Manhajar tana da wani akwati na rubutun saman shafi, duk abin da ka zuba ciki tana manna shi yadda yake. Na zuba layin PHP (harshen kod da ake haɗa shafukan yanar gizo da shi) a ciki, na kuma ga wani tsohon bayani da ya ce a rubuta SetOutputFilter PHP. Na rubuta, na sake tayar da Apache, shiru. Kod ɗin yana nan tsirara a cikin shafin, log ɗin da Apache ke rubuta kurakurai a ciki kuma yana cewa "an unknown filter was not added: PHP". A ina na kuskure?

Malam Habibu, Riyad

Wa alaikumus salam. Auwalu, bayanin da ka karanta ne ya tsufa. Da can abin yana aiki.

Lokacin da Apache 2.0 ya fito a 2002, babban sabon abin da ya zo da shi shi ne matatai, wato filters. Ka ɗauki misalin niƙa. Inji ɗaya ne ke niƙa hatsin, sannan garin ya bi ta rariya ta farko, ta biyu, ta uku, kafin ya kai tukunya. Injin shi ne mai samar da shafi, kuma kowace buƙata guda ɗaya tak take samu. Rariyoyin su ne matatai, kana iya jera su yadda kake so: wannan ya cusa rubutu, wancan ya matse shafin, na ƙarshe ya lulluɓe shi da SSL don kada a karanta shi a hanya.

A zamanin PHP 4 da 5 akwai ƙofa biyu ta shiga Apache 2. Ɗaya apache2handler, inda PHP ke zama injin. Ɗaya apache2filter, inda yake zama rariya, ya karanta duk abin da ya biyo ta kansa, in ya ga kod ya zartar. Ta biyun ce kake nema, an kuwa cire ta daga PHP 7.0 da ya fito a Disambar 2015. Yau ko da mod_php kake, ko da PHP-FPM, PHP inji ne kawai. A tsarinka kuma gurbin injin ya riga ya cika, mod_proxy, mai miƙa buƙata ɗakin baya, shi ne ke zaune a kai. Shi ya sa Apache ya ce bai san mataci mai wannan suna ba.

Nura, Madina

Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai hanya. Auwalu, kunna mod_ext_filter. Shi kowace manhaja ka ba shi zai mayar da ita mataci, ya zuba mata shafin ta baki ya karɓa ta ɗaya gefen. PHP na layin umarni kuwa in ba ka ba shi fayil ba, abin da aka zuba masa yake karantawa a matsayin kod. Ka ga an dawo inda ake:

ExtFilterDefine phpmu mode=output intype=text/html cmd="/usr/bin/php"
SetOutputFilter phpmu

Na gwada yanzu a kwamfutata, ya yi.

Auwalu, Jidda

Nura, Allah ya saka da alheri! Wallahi ya fito. Kwanan wata na nan a sama, sanarwa na ƙasansa. Bari in kira mudir ya gani kafin a tashi sallar Magariba.

Maryam, Dammam

Auwalu, dakata tukuna, kada ka kira kowa. Amsa mini tambaya ɗaya. A cikin shafukan nan akwai wurin da ake nuna abin da wani daga waje ya rubuta? Sunan baƙo, bayanin da wakili ya ƙara, ƙorafi, komai ƙanƙantarsa.

Auwalu, Jidda

Akwai, Yaya Maryam. Wakilai suna shigar da sunayen mutanensu da kansu, kuma akwai akwatin ƙarin bayani, inda suke rubuta irin su "tsohuwa ce, a ba ta ɗaki kusa da lif".

Maryam, Dammam

To shiga a matsayin wakili, ba da asusunka na ofis ba. A akwatin ƙarin bayanin rubuta wannan, ka adana, ka buɗe shafin:

<?php echo 7*7; ?>

Ka gaya mana abin da ka gani.

Auwalu, Jidda

Innalillahi. 49 na gani.

Na kashe matacin nan take. Jikina har rawa yake. Wakilanmu sun fi arba'in, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, wasu kuma lambar sirrinsu na hannun yaran ofishinsu.

Maryam, Dammam

Ka yi daidai da ka kashe. Wanda ya iya sa sabarka ta lissafa bakwai sau bakwai ya iya sa ta karanta duk fayil ɗin da Apache ke iya karantawa, ya iya sa ta leƙa kwamfutar ɗakin baya inda hotunan fasfo da lambobin bizar baƙinku suke. Amanar mutane ce wannan, mutanen da wasunsu gona suka sayar suka zo.

Abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe shi ne, mataci bai san wa ya rubuta abin da ke wucewa ta kansa ba. Shi rubutu kawai yake gani yana kwarara. Layin da kai ka sa a saman shafi da layin da wani ya cusa a akwatin suna, duk ɗaya ne a wurinsa. Lokacin da PHP ke matsayin inji, fayil ɗin da ke kan faifai yake zartarwa, wanda kai ka ajiye da hannunka, abin da mutane suka rubuta kuma yana zuwa ne a matsayin bayani. Da ka mayar da shi mataci, wannan katangar ta rushe.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekarun baya na yi aiki a wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta. Muna da shafin da ɗalibai ke barin ra'ayi, wanda ya kafa sabar kuma ya kunna INCLUDES, matacin da ke zartar da umarnin SSI da aka cusa cikin shafi, a kan komai saboda ya riƙa manna ƙasan shafi iri ɗaya. Wata safiya na buɗe shafin na tarar da jerin sunayen fayilolinmu a tsakiyar ra'ayoyin, a ƙarƙashin wani da ya rubuta "darasi ya yi daɗi". Wani yaro ne ya rubuta exec cmd, umarnin da ke sa saba ta gudanar da wata manhaja, a cikin alamar SSI. Kwana biyu muka yi muna canza lambobin sirri, kuma har na bar wurin ban tabbatar da iyakar abin da aka kwasa ba.

Nura, Madina

Yaya, na karɓi gyara, ban yi tunanin akwatin wakilai ba. Auwalu, ka yafe ni. Amma ina ganin laifin na tsohuwar manhajar ne da ba ta sauya alamar < kafin ta nuna. Kuma ai ana iya ɗaure PHP. A ba shi php.ini nasa na daban, a rufe system da exec da shell_exec da passthru a disable_functions, a sa open_basedir. Me zai rage wa ɓarawo?

Maryam, Dammam

Saura da yawa, Nura. Ka rufe huɗu, proc_open da popen na nan. Ka rufe su, yana da curl da fsockopen da zai yi magana da kwamfutar ɗakin baya daga ciki, inda bangon wuta (firewall) ba ya tare shi. Ka rufe waɗannan, ya rubuta madauki marar ƙarshe ya riƙe sassan Apache masu amsa buƙata ɗaya bayan ɗaya har shafin ya daina amsawa. Kai kana lissafin ƙofofin da ka tuna, shi yana neman guda ɗaya da ka manta.

Maganar laifin manhaja gaskiya ce, sai dai Auwalu ya ce ba mai iya gyara ta. Da bangon da ya riga ya tsage za mu zauna, kada mu kuma ajiye tsani a jikinsa.

Malam Habibu, Riyad

Ko da babu maganar tsaro, Nura, hanyar tana da nauyi. mod_ext_filter yana tayar da sabuwar manhaja ne a kan kowace buƙata. Kowane shafi aka buɗe, PHP zai tashi daga farko, ya karanta saitinsa, ya loda kayansa, ya yi aikin layi biyu, ya mutu. Bayanin Apache da kansa ya ce modul ɗin ya fi dacewa da gwaji da wuraren da sauri bai dame su ba. Yanzu ba za ka ji ba. Bari goman ƙarshe na Ramadan ta zo, wakilai da baƙi su taru a kan shafin bayan Tarawihi.

Ni ba na ƙin modul ɗin, na sha amfani da shi in leƙa abin da ke wucewa tsakanin mataci da mataci. Amma wurinsa ke nan.

Musa ɗan Mai Wurno, Makka

Salamu alaikum jama'a, yanzu na taso daga aiki na karanta daga sama. Ni shawarata SSI, amma mai ɗaure. A sa Options +IncludesNOEXEC maimakon +Includes, exec ya mutu ke nan. A akwatin saman shafi Auwalu ya rubuta:

<!--#include virtual="/sanarwa.php" -->

Apache zai aika buƙatar cikin gida zuwa sanarwa.php, PHP-FPM ya yi aikinsa a matsayin inji kamar yadda Malam ya ce, a manna sakamakon. Ba sabuwar manhaja da ke tashi, mod_include kuwa da C aka rubuta shi, yana cikin Apache tun kafin a haifi wasunmu. Ya tuna kawai ya ware hanyar da ProxyPass /sanarwa.php ! a saman babban layin, kada ita ma a tura ta ɗakin baya.

Maryam, Dammam

Ya fi na farko nesa ba kusa ba, Musa. Amma wakilin nan dai yana iya rubuta nasa include virtual. Zai iya jawo wani shafi na rubutu da ke kan sabar ya manna a nasa, zai iya kiran printenv ya ga duk bayanan da ke tare da buƙatar. Ramin ya ƙanƙance, bai toshe ba. Har yanzu umarni na tafiya cikin ruwa ɗaya da rubutun baƙi.

Musa ɗan Mai Wurno, Makka

Akwai SSIStartTag. A canza alamar buɗewa daga wadda kowa ya sani zuwa wata doguwa da ba mai iya cankarta. Wanda ya rubuta tsohuwar alamar, sharhin HTML kawai ya rubuta, Apache ba zai kula shi ba.

Maryam, Dammam

Alamar nan a ina za ta zauna? A akwatin saman shafi, cikin manhajar da duk ma'aikacin ofis ke buɗewa. Ranar da matacin ya faɗi, ko wani ya buɗe manhajar kai tsaye daga cikin ofis ba ta Apache ba, alamar za ta fito a fili. Sirrin da ake maimaitawa a kowane shafi ba ya daɗewa.

Musa ɗan Mai Wurno, Makka

Ban ƙi ba, amma in ce wani abu. Mu da muka yi aiki a Sinnar da Madani kafin yaƙin 2023 ya tarwatsa mu, mun saba aiki da sabar kwamfuta guda ɗaya, wuta rabin yini, ba kuɗin sayen sabon abu. A irin wannan hali abin da ya rage haɗari kashi tara cikin goma yau ya fi cikakken da zai zo bayan wata shida. Ba na so mu tsorata Auwalu har ya koma kan na Nura a ɓoye saboda mudir ya matsa masa.

Malam Habibu, Riyad

Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba sai an jira wata shida ba. Akwai hanyar da ba ta fi ta Musa wahala ba.

Ku lura, matatan da ke da alaƙa da kod iri biyu ne. Akwai wanda ke neman umarni a cikin shafin ya zartar, irin tsohon apache2filter da INCLUDES da dabarar Nura. Akwai kuma wanda umarninsa na ajiye a gefe cikin fayil, shafin kuwa kaya ne kawai a hannunsa, ya yanka ya ɗinka ya miƙa gaba. SUBSTITUTE haka yake, mod_sed haka yake, matacin Lua haka yake. Ko shafin cike yake da <?php, wannan nau'in ba zai ɗaga kai ba.

To Auwalu, ka share akwatin saman shafin gaba ɗaya. Ka rubuta ƙaramin PHP da cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, zai riƙa kira duk minti biyar, ya haɗa sanarwar ya ajiye a fayil. Sannan ka sa matacin Lua (wani ƙaramin harshen kod ne), wanda ke cikin mod_lua tun Apache 2.4.5, ya karanta fayil ɗin ya cusa shi bayan alamar body:

LuaOutputFilter sanarwa /etc/apache2/lua/sanarwa.lua cusa

PHP ya yi lissafinsa can gefe, bai taɓa ganin rubutun wakili ba.

Baffa Ilu, Makka

Ni gyaran kwamfuta na sani a Shari' Mansur, wannan Lua ɗin na bar muku. Amma maganar kwanan wata ina da ta cewa, don shekara talatin ina hulɗa da alhazai. Ɗana Auwalu, kada ka rubuta kwanan Hijira haka kawai. Ka rubuta "bisa kalandar Ummul Ƙura". Mutumin da ya taso daga Gusau lissafin da Sarkin Musulmi ya sanar yake riƙe da shi a kai, sau da yawa kuma akan samu bambancin kwana ɗaya da na nan. Na ga wanda mota ta tafi ta bari saboda an ce masa sha biyu ga wata, shi kuwa a lissafinsa gobe ne sha biyu. Ka haɗa da sunan ranar, Talata ko Laraba, wannan ba ya ruɗa kowa. Lokaci ma ka ce "bayan sallar La'asar" tare da ƙarfe nawa.

Nura, Madina

Baffa ya kawo muhimmin abu. Auwalu, a PHP ka yi amfani da IntlDateFormatter, ka ba shi calendar=islamic-umalqura, kada ka ɗauki islamic-civil, lissafinsu daban ne. Ka kuma sa yankin lokaci Asia/Riyadh. In sabarka a kan UTC take, kwanan ba zai juya ba sai ƙarfe 3 na dare agogon nan, masu fita tawafi da tsakar dare za su ga na jiya.

Auwalu, Jidda

Na gode Baffa, na gode kowa. Na kwana a kai. Cron na aiki, fayil na fita daidai. Amma matacin ya kawo mini matsala uku.

A curl, manhajar jawo shafi ta layin umarni, sanarwa na fita, a Chrome ba ta fita sam. Inda ta fita kuma haruffanmu masu ƙugiya sun lalace, "ƙarfe" ta koma wasu alamomi biyu sannan "arfe". Na uku shi ya fi ɗaure mini kai: shafin jerin ɗakuna, wanda ya fi kowanne tsawo, ƙasansa a yanke yake zuwa, layukan ƙarshe babu su.

Malam Habibu, Riyad

Duk ukun sanannu ne, kowa ya taɓa matatai ya sha su.

Na farko matsewa ce. Chrome yana gaya wa saba cewa yana karɓar gzip, wato matsattsen shafi, Apache ya wuce da maganar zuwa ɗakin baya, manhajar ta matse shafin kafin ta aiko. Matacinka yana neman kalmar body a cikin dunƙulen da ba ya karantuwa. Curl bai nemi matsewa ba, shi ya sa ka ga ya yi. Magani biyu ne: ko ka sa INFLATE a gaban naka ya warware, ko ka hana matsewar tun daga tushe da RequestHeader unset Accept-Encoding. Sai dai ka kula, in ka cire wannan bayanin gaba ɗaya, DEFLATE, matacin matsewa na Apache, shi ma ba zai ga burauza ta nema ba. Ni na fi son jerin INFLATE, naka, sannan DEFLATE.

Tsarin jerin ba ado ba ne. Apache ya kasa matatai aji-aji: masu taɓa abin da ke cikin shafi su ne a gaba, sai masu matsewa, sai na ƙa'idar HTTP, can ƙarshe SSL da mai turawa kan waya. Mai ɗinki dole ya samu yadi a buɗe, in an riga an naɗe an ɗaure ba abin da zai yi.

Na uku kuma tsawon shafi ne. Manhajar ta rubuta Content-Length gwargwadon abin da ta aiko. Kai ka ƙara rubutu a kai, lambar ba ta canza ba, burauza ta ƙirga har inda aka gaya mata ta tsaya. Abin da ya ɓace a ƙasa daidai yake da tsawon sanarwarka, ka auna ka gani. In da FilterProvider ka haɗa matacin, ka gaya wa mod_filter cewa kana canza shafi:

FilterProtocol sanarwa change=yes;byteranges=no

Musa ɗan Mai Wurno, Makka

Don Allah kada ka bar DEFLATE a kashe don ka huta. Dangin baƙinku a gida ma suna buɗe shafin su ga inda tsohonsu ya sauka, wasu a kan layin da hoto ɗaya ke cin minti. Ni in ina magana da 'yan uwana a Sudan na san abin da kowane kilobayit ke nufi.

Maganar haruffa kuma na san ta, don mun sha ta da Larabci. Duba saman shafin, ina kyautata zaton za ka ga charset=windows-1256. Tsoffin manhajojin Larabci duk da shi suke. Kowane harafi bayit ɗaya ne a cikinsa, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Fayil ɗinka kuwa UTF-8 ne, inda ƙ ke cin bayit biyu, C6 da 99. Burauza ta karanta su a matsayin haruffa biyu daban, su ne alamomin da ka gani.

Kada ka ce za ka juya dukan shafin zuwa UTF-8, aiki ne babba, kuma fom ɗin wakilai zai fara aika wa manhajar abin da ba ta ganewa. Ka rubuta haruffan da lamba kawai: &#409; ita ce ƙ, &#599; ita ce ɗ, &#595; ita ce ɓ. In za ka yi wa mutanen Nijar rubutu irin nasu, &#436; ita ce ƴ. Ka sa dir="ltr" a akwatin sanarwar, in ba haka ba shafin dama-zuwa-hagu zai jefa maka aya a farkon jimla.

Auwalu, Jidda

Haka ne, windows-1256 ne. Duk ukun sun warware, alhamdu lillahi. Sai wani abu guda: a cikin shafuka kusan talatin da na gwada, biyu sun ƙi nuna sanarwa, ba kuskure a log, ba komai. Na sake lodawa, ɗaya ya nuna, ɗaya ya ƙi.

Malam Habibu, Riyad

Wannan shi ne darasin da ya fi wuyar ganewa. Shafi ba ya zuwa wa mataci gaba ɗaya. Gutsure-gutsure yake zuwa, Apache na kiransu bokitai, kamar yadda ake miƙa ruwa hannu zuwa hannu ranar gobara. Daga mod_proxy kowane bokiti bai cika wuce kilobayit 8 ba, yakan gaza haka in hanya ta yanka shi. Bokiti bai san inda kalma ta ƙare ba. In saman shafinka dogo ne, yana iya zama "<bo" na ƙarshen wannan bokitin, "dy>" na farkon na gaba. Kai kana duba kowanne shi kaɗai, ba za ka taɓa ganin kalmar ba.

Ka tara har sai ka samu, daga nan ka saki sauran su wuce:

local tari, anSa = "", false
while bucket do
  if anSa then
    coroutine.yield(bucket)
  else
    tari = tari .. bucket
    local _, k = tari:lower():find("<body[^>]*>")
    if k then
      anSa = true
      local fita = tari:sub(1, k) .. rubutu .. tari:sub(k + 1)
      tari = ""
      coroutine.yield(fita)
    else
      coroutine.yield("")
    end
  end
end
coroutine.yield(tari)

Layin ƙarshe yana da amfani, shi ke fitar da shafin da ba shi da body ko kaɗan. Ka kuma sa iyaka, in tarin ya wuce kilobayit 64 ka sake shi haka nan, kada wani babban fayil ya cika maka RAM. Na guji gsub da gangan, don ranar da mudir ya ce a rubuta rangwamen 10% alamar % za ta karya shi.

Nura, Madina

Malam, tambaya. Tunda abin ya kai haka, me ya hana a yi Substitute layi ɗaya ya cusa alamar script, JavaScript ya ɗauko sanarwar a burauza? Ba Lua, ba lissafin bokiti, mod_substitute na kula da wannan da kansa.

Malam Habibu, Riyad

Ba abin da ya hana, hanya ce mai kyau, kuma ta fi sauƙin riƙewa ga wanda zai gaji Auwalu. Abin da ya sa ban fara da ita ba, buƙata ce ta biyu a kan layi mai rauni, wani lokaci shafi ya fito sanarwa ta makara ko ta ƙi zuwa. Kuma mod_substitute layi-layi yake aiki, yana da iyakar tsawon layi, megabayit 1 in ba ka canza ba. In shafukan ba su da irin wannan dogon layin, ku zaɓi wadda ta kwanta muku.

Maryam, Dammam

Ni duk wadda aka ɗauka cikin biyun na yarda. Amma Auwalu, aikinka bai ƙare ba. Gwajin 49 ya nuna abu biyu, mun magance ɗaya. Manhajar nan har yanzu tana fitar da alamar < yadda aka shigar da ita. Sabarka ta daina zartarwa, amma burauzar ma'aikacinku za ta zartar da script in wani wakili ya cusa, ya sace shigar mudir cikin asusunsa yana zaune a kujerarsa. Wannan ramin yana nan tun kafin ka taɓa komai.

Ka sa ModSecurity, modul mai tace buƙatun da ke shigowa, a gaban fom ɗin wakilai ya ƙi duk abin da ke ɗauke da alamun HTML a akwatin suna da na ƙarin bayani. Ka bincika bayanan da ke ciki tun da, ko akwai wanda ya riga ya ajiye wani abu. Sannan ka rubuta wa mudir a takarda, da kwanan wata, cewa manhajar na bukatar canji bayan aikin Hajji. Ka haɗa da hoton 49 ɗin.

Auwalu, Jidda

Na ɗauki hoton tun daren jiya, Yaya. Na bi ta Lua, na sa tarin bokitai da iyakarsa, na gwada shafi sittin duk sun nuna. Da safe wata Hajiya daga Zinder ta karanta wa abokan ɗakinta sanarwar da ƙarfi a harabar otal, "Laraba bayan sallar La'asar, ƙarfe 4 da rabi", ba wanda ya hau sama tambaya.

Na binciki akwatin ƙarin bayani kamar yadda kika ce. Babu script, amma na samu shigarwa goma sha ɗaya masu alamar <b>, duk daga wakili ɗaya, yana kaurara sunayen masu keken guragu don a lura da su. In na toshe HTML gaba ɗaya zai rasa wannan, kuma dalilinsa mai kyau ne.

Baffa Ilu, Makka

Ka kira shi ka yi masa bayani kafin ka toshe, kada ya ga kamar an wulaƙanta shi. Ka ce ya riƙa sa tauraro a gaban sunan, kai kuma ka sa abin naka ya kaurara duk sunan da ya fara da tauraro. Zai yiwu, Malam Habibu?

Malam Habibu, Riyad

Zai yiwu, Baffa, amma sai matacin ya bi shafin har ƙarshe, ba saman kaɗai ba, maganar yankewar bokiti kuma ta dawo a kowane layi. Auwalu, turo mini shafi ɗaya na jerin ɗakuna bayan ka goge sunaye da lambobin fasfo, in ga yadda teburin yake. Bayan Isha'i ina gida.